Kurakuran da Ke Raunana Manhajar Tantance Masu Shiga Netwok

Manhajojin da ke tantance na'urori kafin su shiga netwok ɗin ma'aikata, irin su Cisco ISE da FortiNAC da Aruba ClearPass, aikin mai gadi suke yi, domin su ke duba kowace kwamfuta ko waya kafin a buɗe mata ƙofa. Kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma ya fi damuna, shi ne ɗaukar cewa tun da aikin manhajar tsaro ne, ita kanta ba ta buƙatar a tsare ta.

A watan Fabrairun 2023 kamfanin Fortinet ya sanar da wata ɓaraka a FortiNAC mai lamba CVE-2022-39952, wadda ke bai wa mutumin da ba shi da ko da kalmar sirri damar dasa fayil a cikin na'urar har ya mallake ta. Kwanaki kaɗan bayan haka masu bincike suka wallafa yadda ake cin gajiyarta, masu kutse kuwa ba su ɓata lokaci ba. A watan Yunin 2025 ma Cisco ya fitar da faci, wato gyaran manhaja da ke toshe ɓaraka, ga wasu ɓarakoki a ISE waɗanda aka bai wa maki 10 cikin 10 wajen muni. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, kuma wanda ya kama mai gadi ya kama makullan gidan gaba ɗaya. Gyaran shi ne a sa faci cikin kwanaki, ba a jira ƙarshen shekara ba, sannan a ɗauke shafin gudanar da manhajar daga intanet, a killace shi inda ma'aikatan da aka amince wa kaɗai ke iya kaiwa.

Kuskure na biyu yana maƙale da firinta da kyamarar tsaro. Da yawa daga cikinsu ba sa iya tantance kansu ta ƙa'idar 802.1X, wadda ke sa na'ura ta gabatar da shaidarta kafin ta shiga netwok, saboda haka sai a bar su su wuce da lambar MAC kawai, wato lambar da kowace na'ura ke zuwa da ita don a gane ta a netwok. Wannan lamba sau da yawa tana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a bayan firintar, kuma duk baƙon da ya karanta ta zai iya sa wa kwamfutarsa ita cikin minti ɗaya, ya zare wayar firintar ya jona tasa. Irin waɗannan na'urori a ware musu ɓangarensu na netwok, inda firinta ba za ta iya yin komai ba sai buga takarda.

Akwai kuma ƙa'idar RADIUS da waɗannan manhajoji ke dogara da ita wajen aika wa na'urorin netwok amsar izini ko ta ƙi. A watan Yulin 2024 aka bayyana harin Blast-RADIUS, wanda ya nuna cewa saboda raunin MD5, tsohuwar dabarar lissafi da RADIUS ke tabbatar da sahihancin saƙo da ita, mai kutsen da ya tsaya tsakanin manhajar da na'urar netwok zai iya mayar da amsar ƙi ta zama amsar izini. A sabunta na'urori, a tilasta amfani da Message-Authenticator, wato hatimin da ke nuna ba a taɓa saƙo ba, a kowane saƙo, inda hali ya yi kuma a tura saƙonnin ta cikin TLS, wato hanyar da ke ɓoye su daga masu leƙe.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne abin da zai faru idan manhajar ta faɗi. Wasu sukan saita ta yadda kowa zai shige, don kada aiki ya tsaya. A gwada wannan da gangan, a kashe ta wata ranar hutu, a jona baƙuwar kwamfuta a ga iyakar inda za ta kai.