Yadda na gyara motar da ta ƙi tashi a sanyin Yukon

Tsohuwar Toyota 4Runner na saya don bin hanyar Dempster, wadda ta tashi daga yankin Yukon zuwa garin Inuvik a arewacin Kanada. Da sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili a Whitehorse, babban birnin Yukon, sai ta ƙi tashi, sitata na ta gurnani kawai. Baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, batir kuma ya gaji. Na juye man na zuba 0W-30, mai marar kauri da ke jure sanyi, na sa sabon batir. Ashe wayar hitar da ke ɗumama injin ma ta tsinke a bayan bamba. Na canza ta, yanzu nakan jona ta da lantarki kafin fita, bugu ɗaya ta tashi.

Jarkar fetur kuwa dole ce, don daga farkon hanyar Dempster babu gidan mai sai Eagle Plains, kusan kilomita 370.