Masu shirin tafiya Faransa, kar ku raina tele ɗin gwamnatinsu

Salamu alaikum 'yan Damagaram, musamman ƙannenmu da suka samu bizar karatu bana. Na san an cika ku da shawarar rigar sanyi da yaji da kilishi, to ni tawa a kan tele ce.

Faransancin nan da ka yi tun daga lakwal har ka ci bak da shi, wallahi ranar da ka sauka mai sayar da burodi zai yi maka magana ka tsaya kana kallon bakinshi, don da gudu suke yi kuma rabin kalmar haɗiye ta suke. Maganin abin yana tashar France 2, labaran ƙarfe 8 na dare. Ka kunna rubutun nan da ke bi ta ƙasan allo, don kurame aka yi shi amma baƙo ma ya samu, kunne na ji ido na bi, a hankali kunnen zai buɗe. Ko ba ka da tele a ɗaki ka sauke france.tv a waya, kyauta ne.

France 3 kuma ita ke kawo labaran yankin da kake, da rana da kuma ƙarfe 7 na yamma. Nan za ka ji gobe masu jirgin ƙasa na yajin aiki, ko an rufe hanya kaza. Kuma dan Allah ku riƙa kallon hasashen yanayi, mu nan in ba damina ba wa ya damu da shi, amma can in ka ga an shafa wa jiharku ruwan lemu ko ja a taswira to ba wasa ba ne, ka sake shiri kafin ka fita.

Wanda na fi so shi ne C'est pas sorcier, shirin kimiyya da aka yi daga 1993 zuwa 2014, yana nan a YouTube. Jamy, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin, na cikin babbar mota da 'yan kayan kwaikwayonshi na kwali da roba, yana nuna maka yadda dutse ke aman wuta ko yadda lantarki ke zuwa gida. Na yara ne, eh, amma kar girman kai ya hana ka, kalmomin da malami zai watso maka a aji su ne a ciki. Sai Arte, ta Faransa da Jamus ce tun 1992, can ne namun daji da teku da tarihi, da Le Dessous des cartes mai warware rikicin duniya da taswira cikin 'yan mintoci.

Batun kuɗi, Faransa ta soke harajin tele a 2022, da Yuro 138 ne a shekara. Amma wanda zai Jamus ya buɗe kunne: kowane gida na biyan Yuro 18.36 a wata, wajen sefa 12,000 ke nan, ko da tele ko babu. Kana rajistar adireshinka takarda za ta biyo ka, kar ka jefar, bashi ne ke taruwa. In kuna raba gida ɗaya mutum ɗaya ke biya sai ku raba tsakaninku.

Sai abu mai ɗaci. Ranar da aka ɗauko zancen Nijar ko Sahel a shirin muhawara C dans l'air na France 5, ranka zai ɓaci, za ka ga an jera masana ana ta yuraniyom ɗin Arlit da juyin mulkin 2023, kai da ka taso Birni ko Zangon kana jin kamar wata ƙasa ake faɗi. Ni dai ba na kashewa. Da idonsu suke kallo, ba dole ka yarda ba, amma abin da maƙwabcinka da malaminka suka ji ke nan, kuma gobe da safe da shi za su tare ka da tambaya, gara ka kwana da amsarka.