Darasi na Bakwai: Gamba da Amfaninta

Gamba ciyawa ce mai daɗewa a ƙasa, wadda asalinta dazuzzukan Afirka ne masu doguwar ciyawa. Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus. Ba ta yaɗo kamar kiri-kiri. A dunƙule take tsirowa, gindi ɗaya ya fitar da kara masu yawa, kuma idan ta sami ƙasa mai kyau tsawonta yakan kai mita 3 ko 4.

Ƙarfin gamba a gindinta yake. Idan manomi ya tone gindi ɗaya ya karkaɗe ƙasar, zai ga saiwoyi iri uku: akwai sirara da suka bazu kusa da saman ƙasa, waɗanda ke shanye ko da yayyafi ne, akwai masu kauri kamar igiya, inda take ajiye abincinta, sannan akwai waɗanda suka nutsa ƙasa sosai suna neman laima. Wannan ne ya sa take jure rani mai tsawon wata 8 ko 9, ganyenta ya bushe ƙayau har mutum ya ɗauka ta mutu, amma da ruwan farko ya sauka sai ta riga sauran ciyayi yin toho. Ruwan sama na milimita 400 a shekara yana iya riƙe ta, sai dai ba ta son wurin da ruwa ke daɗewa a kwance.

Wannan toho na farkon damina shi ne babban amfaninta ga mai dabbobi, domin yana zuwa ne a lokacin da abincin da aka tanada ya ƙare. Amma a lura, da zarar ta yi kara ta fitar da kai, ganyenta yakan yi tauri, amfaninsa ga dabba ya ragu ƙwarai. Saboda haka mai son yin ingirici ya yanke ta tun tana ɗanya. Wanda kuwa yake son saƙa zana ko yin jinka, sai ya bar ta ta ƙosa.

Ana shuka ta da iri, amma irin ba shi da nauyi, yana da gashi, kuma da yawansa ba ya tsirowa. Hanya mafi tabbas ita ce a tsaga tsohon gindi gida-gida, kowane da saiwarsa, a dasa bayan ruwa ya zauna, a danne ƙasar da ƙafa. Idan aka jera ta a gicciye a gangaren gona, takan tare ƙasar da ruwa ke kwashewa, ta kuma rage ƙarfin iska. Wajen yanka, a bar kamar taƙi guda daga ƙasa, kuma kada a bar dabbobi su yi ta cinye sabon toho har gindin ya gaji.

Sai dai busasshiyar gamba makamashi ce. An kai ta Ostareliya a shekarun 1930 domin kiwon shanu, ta bazu a arewacin ƙasar inda ba a yanka ta, har gobarar daji ta riƙa cinye manyan itatuwa, kuma a 2012 aka sa ta cikin jerin ciyayi mafi ɓarna a ƙasar. Don haka duk inda aka dasa ta kusa da gida ko rumbu, a yanke ta da kaka, a share fili tsakaninta da gini.