Babi na Shida: Launin Faifai da Launin Abinci

A wannan babi za mu duba wani ilimi da yawancinku kuka zo aji da shi tun kafin ku fara riƙe fensir, wato sanin launin da ya dace da wani launi, da sanin inda ya kamata a tsaya da ado. Matar da ta taɓa ɗinka faifai ko ta yi wa amarya jere, da namijin da ya taɓa zaɓen zaren da za a yi wa babbar rigarsa aiki, duk suna da wannan ilimi. Abin da muke so shi ne mu ɗauko shi daga hannun masu sana'a mu kai shi madafa, domin abincin da ake ci kullum ya riƙa fitowa da kyan gani ba tare da an ƙara kashe ko kwabo ba.

Ku ɗauko faifan da ake rufe ƙwarya da shi a gidanku ku dube shi da kyau. Za ku ga an fara shi ne daga cibiya, an riƙa naɗe ciyawa da kaba ana zagayawa, kowane layi yana kama na bayansa, har ya kai faɗin da ake so. Ku ƙidaya launukan da ke jikinsa. A faifai mai kyau da wuya su wuce uku, kuma wuri mafi yawa an bar shi da launin kabar kanta. Na tashi ina ganin kakata tana wannan aiki a inuwar tsakar gida, da tasar ruwa a gefenta inda take jiƙa kabar don kada ta karye. Idan ta ga ja ya matso kusa da wani jan, takan warware layin gaba ɗaya ta sa fari a tsakani, ko da aikin rabin yini ne zai tafi. A lokacin ina ganin ɓata lokaci take yi, sai da na girma na gane cewa farin nan ne yake sa jan ya fito.

Magina ma haka suke yi. Wanda ya zaga tsohon birnin Zariya, ko unguwar Birni a Damagaram, zai ga ana tara zanen bango ne a fuskar zaure da kewayen ƙofa, inda ake fitar da dagi da sauran siffofi, sauran katangar kuwa a bar ta sumul da launin ƙasa.

Launukan da mutanenmu suka daɗe suna aiki da su daga gona da daji suke fitowa. Ja daga karan dafi ake samunsa, wani irin dawa da ake nomawa saboda jan ɓawon da ke lulluɓe da karansa, kuma da shi dukawa suke rina fata. Rawaya kuwa sunan tsiro ne kafin ya zama sunan launi, saiwarsa ake dakawa a yi rini da ita, mata kuma su sa ta a miya. Shuɗi daga baba ne. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda aka kafa a shekarar 1498, har yau ana haɗa baba da toka da kanwa a cikin rijiyoyin rini, a bar haɗin ya yi kwanaki kafin a fara tsoma tufa. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wurin shi ne, idan marini ya ɗago ƙyalle daga ruwan, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye ya zama shuɗi a gaban idon mai kallo. Idan ana son shuɗin ya yi duhu, sai a yi ta tsomawa ana ɗagowa.

Mai girki ma mai rini ce, domin kayan aikin ɗaya ne. A unguwannin zango na ƙasar Gana, ana jefa karan dafi a tukunyar shinkafa da wake don ta yi ja, kuma sunan da ake kiran abincin da shi a duk ƙasar, wato waakye, daga kalmar Hausa ta wake ya samo asali. Kanwar da marini yake zubawa a rijiyarsa ita ce kuke zubawa a ɗanwake da miyar kuɓewa. Kuna iya gwada ƙarfinta da kanku: ku raba zoɓon da aka dafa a kofi biyu, ku ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, ku matsa lemun tsami a ɗayan. Mai kanwar zai yi duhu ya rasa haskensa, mai lemun tsamin kuwa jansa zai ƙara fitowa. Saboda haka mai son zoɓonta ya yi kyau a idon baƙi, ta rage tsaminsa da sukari ko abarba, kada ta yawaita masa kanwa.

Yanzu bari mu yi aiki da abinci guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, wato dambun shinkafa, wanda na zaɓa saboda yana kama da faifai: fari ne mafi yawansa, sauran launukan kuma kaɗan-kaɗan ake sa su. A auna gwangwani uku na tsakin shinkafa, a wanke, a tsane a matsami har ruwan ya ɗige. A zuba ruwa a ƙasan madambaci, a sa tsakin a sama, a rufe sosai don kada tururi ya tsere, a bar shi kamar minti 20. Kafin nan a tsinke zogale a cire itatuwansa a wanke, a yanka albasa da karas ƙanana, a jajjaga attaruhu, a daka gyaɗa soyayya. Idan tsakin ya yi turarin farko, a juye shi a babbar tasa, a yayyafa masa ruwa kaɗan, a warware shi da ludayi don kada ya dunƙule, sannan a zuba zogale da karas da gishiri da sauran kayan ɗanɗano a cuɗanya, a mayar madambaci na kamar minti 15.

A wannan turari na biyu ne mutane da yawa suke ɓata aikinsu. Ganye idan ya daɗe a kan wuta korensa yakan mutu ya koma launin ƙasa-ƙasa, kuma wani ɓangare na amfaninsa ga jiki yakan tafi tare da launin. Wasu suna sa kanwa don ganyen ya riƙe korensa, kuma gaskiya yana riƙewa, amma kanwar tana lalata wasu sinadaran gina jiki da ke cikinsa, don haka ni ban ba da wannan shawara ba. Abin da ya fi shi ne a tsaya kusa da tukunya, a buɗe a duba, a sauke da zarar zogalen ya yi laushi alhali korensa yana nan. Sai a soya man gyaɗa da albasa a zuba, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗar.

Zubawa a kwano ita ce matakin da ake yi wa gaggawa, alhali ita ce farkon abin da mai ci zai gani. Farin abinci ya fi fitowa a baƙin akushi ko kwano mai duhu, kamar yadda farin zare yake fitowa a kan shuɗiyar riga. Kada a cika kwano har baki. A tara dambun a tsakiya, a bar gefen babu komai, a goge duk man da ya ɗiga da tsabtataccen ƙyalle. Jan attaruhu ko yankan tumatir a ajiye shi wuri ɗaya a sama, kada a watsa shi ko'ina, kuma idan an sa tumatir ba sai an ƙara jan tattasai a kusa da shi ba. Daga nan a rufe da faifai mai tsabta. Haka ake yi wa tuwo idan an mulmula shi da mara ya yi santsi, a kai miyarsa a kwano dabam, domin mai ci ya ga farin tuwon da koren kukar kowanne da kamanninsa kafin ya haɗa su.

Kada wani ya raina kayan girkin da aka yi da hannu don ya ga na kanti ya fi ƙyalli. Matar da hotonta yake bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi ce da ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya, irin tulunan ruwa da take zana wa kifi da ƙadangare da kunama a jiki. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, daga baya aka riƙa nuna aikinta a Ingila da Amurka. Tukunyar ƙasa da ƙwarya da akushi da ke gidajenku daga irin wannan sana'a suka fito, kuma sun cancanci a wanke su a shanya a fito da su gaban baƙo.

Aikin da za ku yi kafin haɗuwarmu ta gaba kashi biyu ne. Da farko, ku rubuta sunayen waɗannan launuka a littafinku sau uku-uku: fari, ja, kore, rawaya, baƙi, shuɗi. Ku lura da ƙugiyar da ke kan harafin ƙ a baƙi da harafin ɗ a shuɗi, domin idan kuka manta ƙugiyar baƙi, abin da kuka rubuta ya zama baki, wato wanda ake cin abinci da shi. Ku ƙara da kalmar zoɓo don ku saba da harafin ɓ. Na biyu, ku dafa dambu ko wani abincin da kuka saba, ku zuba shi yadda muka bayyana, sannan ku rubuta jimla biyu a kan launukan da suka fito a kwanon da abin da ya kawo kowane launi. Wanda yake da tsohon faifai a gida ya taho da shi aji, za mu ƙidaya layukansa da launukansa tare a darasin lissafi.