Yadda Ake Gano Gudun da Ya Fi Rage Shan Mai a Injin Kwalekwale

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi a kan masu jigilar fasinja da masunta, daga Yawuri da tafkin Kainji har zuwa gaɓar tafkin Chadi. Da yawa daga cikin direbobin kwalekwale suna auna shan man injinsu ne da awa, alhali abin da ya kamata a auna shi ne lita nawa injin ya sha a kowace kilomita, domin fasinja kuɗin nisa yake biya, ba kuɗin lokacin da inji ya yi yana ƙara ba.

Kafin a fara gwaji, ya kamata mutum ya san irin jirgin da yake tuƙawa. Babban kwalekwalen katako mai ɗauke da buhuna da mutane ruwa yake turawa yana ratsawa, kuma tsawonsa ne ke yanka masa iyakar gudun da zai yi cikin sauƙi. Masu ƙera jirage suna ƙiyasta wannan iyaka da cewa jirgin da tsawonsa a kan ruwa ya kai mita 9 yana kai wa wajen kilomita 13 a awa, mai mita 16 kuma wajen kilomita 18, ko da yake siririn jirgi yakan ɗan zarce haka. Da zarar an matso kusa da iyakar, duk ƙarin totur da aka yi yana tafiya ne wajen tayar da igiyar ruwa: bayan jirgin ya nutse, gabansa ya ɗaga, mai yana zuba, gudun kuwa da ƙyar yake ƙaruwa. Ƙaramin jirgin faiba mara nauyi al'amarinsa daban ne, saboda idan ya samu isasshen ƙarfi yakan hau saman ruwa ya riƙa sulɓi. A wurinsa, lokacin da ya fi shan mai shi ne sa'ad da yake fafutukar hawa, hancinsa a sama, kuma sauƙi yana zuwa ne jim kaɗan bayan ya hau ya daidaita.

Kayan gwajin ba su da tsada: wayar hannu mai manhajar GPS da ke nuna gudu da nisa, da jarka mai alamar lita, da ɗan fenti. Galibin injunan da ake riƙe da hannu, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, ba su zuwa da agogon da ke nuna juyawar inji, don haka sai a ɗiga fenti a kan mariƙin totur wuri huɗu, wato kwata, da rabi, da kashi uku cikin huɗu, da ƙarshe. Wanda ya samu ƙaramin agogon da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi ya fi samun daidaito.

Sai a zaɓi ranar da babu iska mai ƙarfi, a ɗora lodi daidai da wanda aka saba ɗauka, domin sakamakon da aka samu da jirgi fanko ba zai yi amfani ranar kasuwa ba. A cika tanki zuwa wata alama sananniya, a tsayar da totur a kan ɗigo na farko, a yi tafiyar kamar kilomita 2, sannan a juyo a dawo ta hanya ɗaya ba tare da an taɓa totur ba. Zuwa da dawowa wajibi ne a kan kogi, saboda ruwa yana tura jirgi a gangara yana kuma riƙe shi a hawa. Bayan an tsaya, a sake cika tankin daga jarkar, a rubuta litar da ta shiga, a raba ta da jimillar nisan. Haka za a maimaita a kan kowane ɗigo.

A ɗauka, a matsayin misali, cewa a ƙarshen totur inji ya sha lita 18 a awa yana gudun kilomita 20, wato kusan lita ɗaya ke nan a kowace kilomita. Idan a kashi uku cikin huɗu ya sha lita 10 yana gudun kilomita 17, to kilomita ɗaya ta koma cin ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na lita. Tafiyar kilomita 34 ta ƙaru da mintuna 18 kacal, amma an tsira da fiye da lita 10. Irin wannan rata ba abin mamaki ba ce, domin ƙarfin da farfela ke nema yana hauhawa da sauri fiye da yadda juyawarta ke ƙaruwa. A ganina, ɗigon da ya fi dacewa ba lallai ne ya zama mafi ƙarancin shan mai ba. Wanda ya dace shi ne inda mai ya sauka sosai amma lokaci bai ɓaci har direba ya rasa sawu guda ko kifi ya fara lalacewa ba.

Akwai abin lura ga masu hawan ruwa, musamman da damina idan kogin Neja ya cika. Rage gudu fiye da kima a nan asara ce, saboda jirgin da ke gudun kilomita 8 a kan ruwan da ke gangarowa da kilomita 5 yana ci gaba ne da kilomita 3 kawai, inji kuwa yana ta sha. A hawa a ɗan ƙara totur, a gangara a sassauta.

Idan alƙaluman suka fito da muni a kowane ɗigo, matsalar ba ta gudu ba ce. A duba farfela ko ta lanƙwashe ko ta naɗe ciyawa da tsohuwar koma, a kankare gansakukar ƙasan jirgi, a kwashe ruwan da ya taru a ciki, a kuma rarraba lodi yadda jirgin zai kwanta daidai. Injin doki 40 irin wannan an ƙera shi ne ya kai juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti ɗaya idan an buɗe totur duka. In ya kasa kai wa da lodin da aka saba, to farfelar ta yi masa nauyi, sai a nemi makaniki ya sauya ta da wadda ta dace, sannan a sake gwajin daga farko.