Yadda za mu tada tsohon layin kasuwarmu, dabara daga 'yan Hakka

Salamu alaikum 'yan uwa Katsinawa. Shekaranjiya na bi ta tsohon layin kasuwar unguwarmu sai na tarar rumfar da kakana yake dukanci ta koma juji, wallahi abin ya tsaya min a rai har na kasa barci.

Akwai wata al'ummar Sinawa da ake ce ma Hakka, suna da irin wannan layin a Hukou, yankin Hsinchu na Taiwan. Tashar jirgin ƙasa ce ta raya shi tun 1893, shagunan jan bulo a jere kowanne da barandarsa, sai a 1929 aka ɗauke tashar aka kai wani wuri, ciniki ya mutu murus. Abin da ya cece su ba su rushe ba, yau ga baƙi nan suna tururuwa ganin waɗannan shagunan.

To mu ta ina za mu fara? Ta kan tsofaffi, ba ta kan fenti ba. Ku je wajen mai unguwa da sarkin kasuwa ku durƙusa ku ce ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu, sannan ku ɗau waya ku bi dattawa ɗaya bayan ɗaya kuna naɗar muryarsu, Baba rumfar waye nan, ina maƙera suke zama, ina masu fura. Wannan kada a ja shi, kullum rasa su muke.

Sai gyara, kuma nan ne muka fi yin ɓarna. Ginin ƙasa ba ya shiri da siminti, in ka shafa masa damshi ne zai maƙale a ciki, damina biyu uku ka ga plastar ta ɓanɓaro da bangon gaba ɗaya. A nemo magina na gargajiya su yi yaɓe da makuba, a canja azarar da gara ta ci, a gyara indararo kafin ruwan farko. Ai Gobarau ma da yaɓe take tsaye har yau.

Amma fa gini ba mutane kango ne. A Beipu, shi ma garin Hakka ne a Hsinchu, akushi da muciya ake miƙa wa baƙo ya niƙa ganyen shayi da gyaɗa da riɗi da hannunsa, lei cha suke ce masa, kuma biya yake yana murna. Mu me zai hana a ba baƙo ƙwarya da ludayi ya dama furarsa, ko baduku ya zaunar da shi ya ɗinka kube da kansa? Sai dai a sauƙaƙa wa masu sana'ar kuɗin haya, in ba haka ba masu cajin waya ne za su cike layin.

Kada a ce kullum za a ci. 'Yan Siniawan kusa da Kuching a Malesiya kasuwar dare suka buɗe a ƙarshen mako kawai, tsakanin tsofaffin shagunansu na katako. Mu mu gwada Juma'a daga la'asar zuwa bayan isha'i, a sa fitilun sola, a tanadi banɗaki da wurin alwala, 'yan sintiri su tsaya a bakin layi, masu mashin su aje daga waje.

Ni dai ranar Asabar in Allah ya kai mu zan fara da Baba mai kilishi na bakin layi, wanda ke da lokaci ya same ni can bayan azahar.