Kurakuran masu rubuta labarin mugun yaro

Na gaji da karanta labaran sababbin marubuta masu son bin sawun tsofaffin finafinan Amurka da Ingila na yara masu mugunta. Kullum rami ɗaya suke afkawa.

Ni ma na taɓa faɗawa cikinsa: ɗora wa aljanu laifi. Wata bakwai na kwashe ina rubuta labarin yarinyar da ƙannenta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙarshe ya gagare ni, sai na kawo malami ya yi ruƙiyya, aljani ya yi magana, yarinya ta warke. Wata mai karatu ta ce da ni, "Anti, ai kin wanke ta tas, to tsoron me zan ji?" Kwana biyu ban iya cin abinci ba, don gaskiya ta faɗa. Na yaga babi tara.

Ku dubi fim ɗin The Bad Seed na 1956. Rhoda, 'yar shekara 8, ta kashe ɗan ajinsu a kan lambar yabon kyawun rubutu. Babu iska, babu sammu. Abin ta so, ta ɗauka. In shaiɗan kuke so, ga The Omen na 1976 can, amma wannan wata gona ce daban.

Kuma don Allah ku daina ba yaron jajayen idanu da dariyar ƙeta tun shafin farko! Wane wawan uba ne ba zai gane ba? Rhoda tsaf take, ga ladabi, manya na yabonta. Ni yanzu sai na rubuta wurare uku da yaron zai burge ni kafin in bar shi ya taɓa ko ƙadangare.

Labarin na uwa ne, ba na yaron ba. Ita ce ke tsintar lambar a kayan ɗiyarta, ta rasa wa za ta faɗa wa.

Jini kuwa a rage shi. Kada yaro ya riƙa zance kamar dattijo.

Sai gaggawar hukunci. A littafin William March na 1954, wanda aka ɗauko fim ɗin The Bad Seed daga cikinsa, uwar ce ta mutu, Rhoda ta rayu. Dokar tace finafinan Amurka ta lokacin ba ta yarda mai laifi ya sha ba, shi ya sa a fim aka saukar wa Rhoda aradu. Ku wa ya tilasta muku?